Horar da malamai kan fasahar zamani: me ya sa bita ba ta isa aji?

Idan hukumar ilimi ta sanar cewa ta horar da malamai kan amfani da fasahar zamani, galibi abin da ya faru shi ne an tara malamai ɗari ko ɗari biyu a wani zaure na kwana uku, an haska musu majigi, an nuna musu yadda ake buɗe Word da PowerPoint, an buɗe wa kowa adireshin imel, sannan an raba takardar shaida da kuɗin mota. Ranar Litinin malamin lissafi ya koma ajinsa mai yara tamanin, babu wuta, babu majigi, ya ɗauki alli ya ɗora daga inda ya tsaya. Kuɗi sun fita, rahoto ya cika, amma darasin da yaran suka samu bai bambanta da na makon jiya ba.

Matsalar tana cikin abin da aka koyar a bitar. Iya sarrafa kwamfuta fanni ne mai zaman kansa, iya koyar da darasi da ita kuma wani fanni ne dabam. A 2006 wasu malaman Jami'ar Jihar Michigan ta Amurka, Punya Mishra da Matthew Koehler, suka fitar da tsarin da ake kira TPACK, wanda ya nuna cewa malami yana buƙatar ilimi iri uku a haɗe: sanin fannin da yake koyarwa, sanin dabarun koyarwa, da sanin na'ura. Amfanin yana fitowa ne a mahaɗar ukun, wato lokacin da malami ya san inda yara suke tuntuɓe a wani darasi, kuma ya san wace na'ura za ta kawar da wannan tuntuɓen. Bitar da muka saba gani tana taɓa na ukun kaɗai, shi ma sama-sama. Shi ya sa ake haɗa malamin Hausa da na kimiyya da na addinin Musulunci a zaure ɗaya a ba su horo iri ɗaya, alhali abin da kowannensu zai yi da waya a aji ba ɗaya ba ne.

Duniya ta riga ta biya kuɗin wannan darasi. Shirin ba kowane yaro kwamfutar cinya ya zo Nijeriya a 2007, inda aka gwada shi a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja. Ƙasar Peru ta rungumi shirin ta sayi kwamfutoci dubu ɗaruruwa. Da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya binciki sakamakon a 2012, sai ya ga yara sun iya sarrafa kwamfutar sosai, amma makinsu na lissafi da na harshe bai ƙaru ba. Rahoton UNESCO na 2023 kan fasaha a harkar ilimi shi ma ya ja kunne cewa hujjoji masu ƙarfi kan amfanin waɗannan kayayyaki ba su da yawa, kuma da dama daga cikinsu masu sayar da kayan ne suke fitar da su. Wannan ba dalilin guje wa fasaha ba ne, domin yaron da zai zauna jarrabawar JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, ba shi da zaɓi. Dalili ne na sauya inda ake zuba kuɗi da lokaci.

Akwai kuma salon horon da ake yi hawa-hawa: a horar da manyan masu horarwa a Abuja ko Kaduna, su horar da na jiha, na jiha su horar da na ƙananan hukumomi, su kuma su horar da malamai. Yana da arha, yana kai wa ga mutane da yawa cikin ƙanƙanin lokaci, amma a kowane hawa abin da yake fara zubewa shi ne gwaji da hannu. Na sama sun yi kwana goma kowa da kwamfutarsa. Na ƙasa suna samun kwana biyu, mutum takwas a kan na'ura ɗaya, mai horarwa yana karanto musu abin da aka rubuta masa. Idan dole ne a bi wannan salo, kada hawan ya wuce biyu, kuma kada a ba mutum izinin horar da wasu sai an gan shi ya koyar da yara na gaske da na'urar a aji na gaske.

Kafin a kira malami ko ɗaya, akwai lissafin da ya kamata a yi a makarantar kanta, kuma shi ne aka fi tsallakewa. A ɗauki wutar lantarki. Batir mai 12V da 100Ah yana ɗauke da wat-awa 1,200 a rubuce. Idan irin na ruwa ne ko na jel, ba a son a sha fiye da rabinsa, in ba haka ba zai mutu cikin 'yan watanni, saura 600. Inbata za ta ci nata kason, a tsira da kusan 500. Majigi na ofis mai ƙwan fitila yana jan wat 250 zuwa 300, kwamfutar cinya tana jan kusan 50. Ke nan batirin ba zai kai awa biyu ba, darasi uku kacal. Talabijin mai inci 43 kuwa tana jan wat 60 zuwa 80, don haka batirin nan zai riƙe ta awa shida ko fiye. Sai dai ita ma da nata cikas: tsayin fuskarta bai wuce santimita 54 ba, kuma ƙa'idar da masu haɗa irin waɗannan kaya suke bi ita ce mai karanta rubutu kada ya yi nisan da ya wuce ninki shida na tsayin fuskar. Hakan ya kama mita uku da ɗoriya. A aji mai tsawon mita takwas, fiye da rabin yara ba za su karanta komai ba. To sai dai a nuna hoto da motsi a talabijin, rubutu ya zauna a allo, ko a raba aji gida biyu su riƙa matsowa bi da bi. Ƙananan majigin LED masu arha da ake gani a kasuwa ba su cin wuta, amma haskensu ba ya iya ja da ranar ƙarfe sha ɗaya a aji mai tagogi a buɗe. Ajin da ba a rufe masa haske ba yana son majigi mai ƙarfin haske lumen 3,000 ko sama.

Haka batun allunan hannu, wato tablet. Cajin guda ɗaya yana cin wat-awa 25 zuwa 30, arba'in za su ci sama da 1,000, wanda shi ne kusan duk abin da faifan sola mai wat 300 zai tara a wuni mai rana sosai. Da hunturu ƙura tana rufe faifan, abin da yake tarawa ya ragu, sai an sa wanda zai riƙa goge shi kowane kwana biyu ko uku. Ƙurar nan ita ce kuma take toshe matatar iskar majigi, ya yi zafi ya kashe kansa ana tsakiyar darasi. Mai horarwar da bai san waɗannan alƙaluma ba zai koyar da malamai darasin da makarantarsu ba za ta iya ɗauka ba.

Idan aka yi wannan lissafi da gaskiya, a yawancin makarantun gwamnati na Arewa za a tarar na'urar da ake da tabbacin samu ita ce wayar malamin. Daga nan ya kamata horo ya fara: waya, katin memori, ƙaramar lasifika mai caji, sai talabijin ko majigi ɗaya da azuzuwa za su riƙa karɓa-karɓa. Akwai ƙananan abubuwa da suke kunyata malami a gaban yara, waɗanda minti talatin na gwaji zai magance. Wayoyi masu sauƙin kuɗi da yawa ba su fitar da hoto ta igiyar HDMI ko da bakin cajin ya dace, don haka sai an yi amfani da ƙaramar na'urar haɗi marar waya irin AnyCast, ko a zuba bidiyon a filas a soka a jikin talabijin. Talabijin ta fi karɓar bidiyo na MP4, wasu kuma ba su ganin filas sai an tsara shi a salon ajiyar fayil na FAT32. Bidiyon minti biyar mai matsakaicin haske bai fi megabayit 30 zuwa 40 ba. Mutum ɗaya ya sauke shi, sauran su karɓa ta Xender ba tare da sun ƙona data ba. Malamin Hausa kuma yana buƙatar a nuna masa yadda zai sa madannin Hausa a Gboard don ya samu ƙ da ɗ da ɓ, da kuma irin zanen haruffan da yake ɗauke da su, kamar Andika da aka ƙirƙira don masu koyon karatu. In ba haka ba zai shirya darasi a wayarsa, ya buɗe a wata na'ura ya tarar akwatuna sun maye gurbin haruffa masu lanƙwasa.

Amma ginshiƙin horon shi ne darasi guda ɗaya daga manhajar karatu, wanda malamin zai koyar cikin mako biyu masu zuwa. A ɗauki misalin aji huɗu na firamare, inda ake kwatanta ɗaya bisa huɗu da ɗaya bisa takwas. Duk malamin da ya daɗe a aji ya san yara da yawa za su ce ɗaya bisa takwas ya fi girma, saboda takwas ta fi huɗu. Wannan kuskuren ne ake so a kawar, kuma shi ne zai nuna ko ana buƙatar na'ura. Shafin PhET na Jami'ar Kolorado yana da kwaikwayon gwaje-gwajen lissafi da kimiyya kyauta, ana iya sauke kowanne a matsayin fayil ɗaya a buɗe shi babu intanet. A darasi mai minti 35, malami zai haɗa kayansa tun kafin a kaɗa ƙararrawa. Minti biyar na farko ya rubuta tambayar a allo, yara su ɗaga hannu, ya ƙirga ya rubuta adadin kowane ɓangare a gefen allo ba tare da ya faɗi amsa ba. Sai ya kunna na'ura ya nuna sanda an raba ta huɗu. Kafin ya ƙara rabon zuwa takwas sai ya dakata ya tambaya: idan muka ƙara yawan masu rabo, kason kowa zai ƙaru ko zai ragu? Su yi hasashe, sannan ya danna su gani da idonsu. Ya maimaita da sulusi da sudusi, ya kira yaro ɗaya da yarinya ɗaya su danna da kansu. Duk wannan kada ya wuce minti goma. Daga nan a kashe na'ura, yara su ninka takarda gida huɗu da gida takwas, su yi aiki a littattafansu na minti goma sha biyu, malami yana zagayawa. A ƙarshe ya jefa sabuwar tambaya, ɗaya bisa biyar da ɗaya bisa goma, ya sake ƙirga hannuwa ya kwatanta da adadin farko.

Dakatawar nan kafin a danna ita ce ta fi komai muhimmanci, kuma ita ce malamai suka fi mantawa. Sabon mai amfani da na'ura yakan kunna bidiyo na minti goma sha biyar ya koma gefe ya tsaya, yara su yi tsit suna kallo, shi kuma ya ɗauka shirun nan fahimta ce. Ba a gyara wannan da lacca. Ana gyara shi ne idan malami ya koyar da darasin a gaban abokan aikinsa biyar ko shida a wurin horo, suna matsayin ɗalibai, ɗaya yana riƙe da agogo, sannan ya sake koyar da shi bayan an yi masa gyara. A cikin gwajin ya kamata mai horarwa ya zare wuta da gangan a tsakiyar darasi, don malami ya saba da ci gaba a allo ba tare da ya rikice ba. Duk tsarin darasin da ba shi da layin da ya ce ga abin da za a yi idan na'ura ta ƙi, bai kammala ba.

Wannan yana nufin rukunin horo ya zama ƙarami, mutum 25 zuwa 30, an ware su bisa fanni da matakin aji, kowane mutum biyu da na'ura ɗaya aƙalla, kuma irin wadda za su tarar a makarantarsu. Kashi biyu cikin uku na lokacin ya tafi a gwaji. Kwana uku da aka rarraba a zangon karatu, kwana ɗaya kowane wata, sun fi kwana uku a jere amfani, domin tsakanin zama da zama malami ya gwada a aji ya dawo da tambayoyi na gaske. Wurin horon ma abin dubawa ne. Idan aka kai shi babban birnin jiha da kwana a can, malamai mata da yawa ba za su samu zuwa ba, alhali su ne suke riƙe da ƙananan azuzuwa a makarantu da dama. Makaranta ɗaya a tsakiyar makarantu huɗu ko biyar da ke kusa da juna, daga safe zuwa azahar, ta fi dacewa.

Abin da ke biyo bayan horo shi ne yake yanke hukunci. Tun a shekarun 1980 binciken Bruce Joyce da Beverly Showers ya nuna cewa malamai kaɗan ne suke kai sabuwar dabara aji daga sauraron bayani da kallon misali kawai, amma adadin yana ƙaruwa sosai idan akwai mai bibiyarsu a ajin. Arewa ba baƙuwar wannan tsari ba ce. Shirin inganta ilimi na ESSPIN, mai tallafin Birtaniya, da ya yi aiki a Kano da Kaduna da Jigawa ya dogara da jami'an tallafa wa makarantu na ƙananan hukumomi, shirin horar da malamai na TDP kuma da aka fara a 2013 a Jigawa da Katsina da Zamfara ya ba malamai wayoyi masu ɗauke da bidiyon darussa, don su riƙa kallon yadda wani malami yake koyarwa, su tattauna a taron gungun makarantu. Tsarin yana nan a ƙasa. Abin da yake kashe shi idan masu tallafi sun tafi shi ne rashin kuɗin man babur na jami'in da zai zagaya.

Ziyarar da take amfani ba ta kama da zuwan sufeto mai neman laifi. Mai bibiya ya zauna a bayan aji daga farkon darasi zuwa ƙarshe, sau ɗaya a mako biyu ko aƙalla a wata, da takarda mai tambayoyi kaɗan: minti nawa aka ɓata wajen haɗa kaya, na bayan aji suna gani kuma suna ji, sau nawa aka dakata aka yi tambaya, yara mata sun taɓa na'urar ko maza ne suka mamaye, me yara suka rubuta da hannunsu. Bayan an tashi su zauna minti goma sha biyar, malami ya fara faɗin yadda ya ga darasin, sannan su amince da gyara guda ɗaya tak da za a duba a ziyara ta gaba. Gyara biyar a lokaci ɗaya ba ya zama. Inda jami'i ba zai iya zuwa ba, abokin aiki ya ɗauki minti goma na darasin da waya daga bayan aji, su kalla tare. A nan sai an kiyaye: bidiyon da fuskokin yara suka fito bai kamata ya shiga zauren WhatsApp ko Facebook ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta buƙaci izinin iyaye kafin a yi amfani da bayanan yara, kuma ko babu doka, amana ce.

Shugaban makaranta yana iya raya abin ko ya kashe shi shi kaɗai. An sha ganin kwamfutoci a kulle a ofis cikin kwalayensu, saboda hedimasta ya sa hannu ya karɓa kuma yana tsoron a ce ya biya idan ɗaya ta lalace. Tsoronsa yana da tushe. Maganinsa shi ne rubutacciyar ƙa'ida daga hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, ko ma'aikatar ilimi da ta bambanta lalacewar aiki da sakaci, da littafin karɓa da mayarwa, da jadawalin da ya nuna wane aji ne yake da majigi a wace sa'a, da ɗan kuɗin gyara a hannun kwamitin gudanar da makaranta. Batirin na'ura da aka ajiye watanni babu caji yana lalacewa, don haka kullewar ma ba ta tsare kayan.

Akwai wata hanya da wasu jihohi suka bi, wadda ta cancanci a auna ta da adalci. Edo ta fara shirin EdoBEST a 2018, Legas da Kwara suka biyo baya da irinsa: ana ba malami allon hannu mai ɗauke da darasi a rubuce kalma bayan kalma, na'urar kuma tana nuna wa hukuma ko ya zo aiki da inda ya kai a darasin. Ga malamin da fannin bai zauna masa ba, wannan tallafi ne na gaske, kuma yana rage fashin aiki. Illarsa ita ce malami yana iya zama mai karanta rubutu kawai, yaro ya yi tambayar da ba ta cikin allon a rasa mai amsawa. Idan za a ɗauki wannan salo, horon ya haɗa da dalilin kowane mataki na darasin, kuma a riƙa sassauta rubutun yayin da malami yake ƙwarewa. Haka manhajojin ƙirƙirarriyar basira da malamai suka fara amfani da su wajen rubuta tsarin darasi: suna rage wahala, amma suna kawo misalan da ba na nan ba, suna kuskure a lissafi da nahawun Hausa, don haka sai an gwada abin da suka bayar da manhajar karatu ta ƙasa da hukumar NERDC take tsarawa da littafin aji kafin a shiga da shi.

Kayan karatu kyauta ba su yi ƙaranci ba. Akwai dandalin Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar da UNICEF a 2022, mai darussa har da na Hausa. Akwai manhajojin Kolibri da Kiwix masu ɗauke da kayan karatu, masu aiki babu intanet. Akwai GeoGebra ga malaman lissafi na sakandare. Zuba wa malami bidiyo dubu a memori ba taimako ba ne. Gara a ba shi guda ashirin da aka zaɓa, kowanne an rubuta masa aji da mako da darasin da ya dace da shi.

Kuɗin yin wannan ba sabon kasafi yake nema ba. Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ga ilimin bai-ɗaya, kuma a cikinsu akwai kason horar da malamai da hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC, take tura wa jihohi, ga Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da take Kaduna tun 1976, ga kwalejojin ilimi a kowace jiha. Abin da ake buƙata shi ne a sauya rabon: a rage kuɗin zaure da abinci da jakunkuna, a ware aƙalla kashi ɗaya cikin uku don ziyarar aji da taron gungu na wata-wata. Ma'aunin nasara ma ya sauya. Maimakon yawan waɗanda suka sa hannu a takardar halarta, hukuma ta zaɓi makarantu ashirin ba tare da sanarwa ba bayan wata uku, ta duba littafin karɓar kaya ta ga sau nawa majigi ya fita daga ofis, ta kalli darasi biyu a kowace makaranta, ta kuma ba yara tambayoyi goma kan darussan da aka yi horon a kansu, ta kwatanta sakamakonsu da na makarantun da horon bai kai gare su ba tukuna.